Ƙungiyoyin taimakon kai da kai: A daina kafa su don karɓar tallafi kawai

A ƙauyukan da ke kewaye da Dutse, daga Kiyawa zuwa Jahun da Birnin Kudu, famfon tuƙa-tuƙa iri biyu ne. Akwai wanda idan ya lalace ake gyara shi cikin kwana biyu ko uku, akwai kuma wanda zai shekara a mace, mata da yara suna wuce shi da jarkoki zuwa rijiya mai nisa. Bambancinsu ba a ƙarfe yake ba. Na farkon yana da mutanen da ke tara kuɗin gyaransa, na biyun kuwa ana jiran kansila ya tuna da shi.

Taimakon kai da kai ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Da aikin gayya ake nome gonar mara lafiya, a cike ramin hanya kafin damina. Da adashe mata suke sayen akuya ko kayan ɗakin 'ya'yansu.

A 1991, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa daga tsohuwar Kano, ƙungiyar CARE ta fara wani shiri a yankin Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar mai suna Mata Masu Dubara. Ba jari aka raba wa matan ba. Suna haɗuwa duk mako, kowacce ta zuba abin da aka amince a asusu, mai bukata ta karɓi rance ta yi sana'a ta mayar, bayan wa'adi a raba abin da ya taru. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka, kuma abin da ya riƙe shi bai wuce wannan ba: kuɗin nasu ne, don haka kowacce tana sa ido a kansa.

Jigawa ma ta ga amfanin irin wannan. A watan Oktoban 2022 ta zama jiha ta farko a Najeriya da aka ayyana ta daina bahaya a fili. An yaba wa gwamnati da UNICEF, kuma sun cancanta, amma masu bin gida-gida suna lallashin magidanta su haƙa masai su ne kwamitocin ruwa da tsafta na ƙauyuka tare da dagatai da masu unguwanni. Idan kwamitocin nan suka watse, takardar shaida ba za ta sake gina masan da ruwan sama ya rushe ba.

Matsalar tana wajen ƙungiyoyin da ake haifa dare ɗaya. Da zarar an ji labarin rabon taki ko rance, sai rajista ta yawaita, a cike takarda da sunayen dangi da 'yan jam'iyya. Ana gama rabo ƙungiya ta mutu, matan da suka shekara uku suna zubi a zauren wani gida kuwa babu wanda ya san da zamansu.

Ya kamata gwamnatin Malam Umar Namadi da ƙananan hukumomi 27 su sauya sharaɗi. Duk ƙungiyar da ke neman tallafi ta kawo littafin zubinta na aƙalla shekara ɗaya, mai unguwa ya shaida. Waɗanda suka cika sharaɗin a koya musu riƙe lissafi, a taimaka musu buɗe asusun banki da sa hannun mutum uku.

Sai batun kuɗin ruwa, wanda ke hana mata da yawa shiga ƙungiyar rance. Malaman masarautar Dutse suna iya nuna musu hanyar da Shari'a ta yarda da ita: ƙungiya ta sayi buhun gyaɗa a kasuwar Shuwarin, ta sayar wa mai tuyar ƙuli-ƙuli da ribar da aka ƙayyade tun farko, ita kuma ta riƙa biya duk mako.