Duhun Sifaniya da darasin da ke cikinsa ga wutar lantarkin Arewa

Da misalin ƙarfe 12:33 na ranar Litinin, 28 ga watan Afrilun 2025, wutar lantarki ta ɗauke a kusan ɗaukacin ƙasashen Sifaniya da Fotugal. Cikin daƙiƙa biyar aka rasa kimanin megawat 15,000, wato fiye da ninki biyu da rabi na megawat 5,801 da babban layin wutar Najeriya ya ɗauka a watan Maris na wannan shekarar, adadin da aka yi ta murna da shi a matsayin mafi yawa a tarihin ƙasar. Jiragen ƙasa suka tsaya cak, layukan waya suka katse, mafi yawan jama'a ba su sake ganin haske ba sai cikin dare ko wayewar garin Talata.

Ga ɗan Najeriya, wanda babban layin ƙasarsa ya durƙushe sau 12 a shekarar 2024 kamar yadda rahotanni suka ƙirga, wannan ba wani labari ba ne. Amma ga injiniyoyin lantarki na duniya, al'amarin ya zama babban abin nazari, domin a lokacin da ya faru fiye da rabin wutar Sifaniya daga hasken rana take fitowa. Tambayar da suke neman amsarta ta shafe mu kai tsaye, musamman a Arewa inda kowa ya sa rai a kan sola: idan farantan sola suka maye gurbin manyan injina, me zai riƙe babban layi kada ya faɗi?

Yadda babban layi yake tsayuwa

Ba a tara wuta a cikin waya kamar yadda ake tara ruwa a randa. Abin da tashoshi suka samar dole ya yi daidai da abin da jama'a ke sha a kowace daƙiƙa. Ma'aunin wannan daidaito shi ne bugun wutar, wanda a Najeriya da Turai yake sau 50 a daƙiƙa ɗaya. Idan buƙata ta fi abin da ake samarwa, bugun ya ragu; idan wuta ta yi yawa, ya ƙaru. Ƙa'idar hukumar NERC ita ce ya tsaya tsakanin 49.75 da 50.25. Idan ya kauce da nisa, kowace tasha sai ta cire kanta don kada injinanta su lalace, ɗaya na bin ɗaya, har komai ya mutu.

Ma'auni na biyu shi ne ƙarfin wutar, wanda kowace uwargida ta san shi: ranar da ya yi ƙasa fanka da ƙyar take juyawa, ranar da ya haura kima firiji da talabijin su ƙone.

Fiye da shekara ɗari, manyan injina masu juyawa ne ke kula da waɗannan ma'aunai biyu, irin na madatsun Kainji da Jebba da Shiroro, da na tashoshin iskar gas. Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin mai injin niƙa ya ga yadda ƙatuwar tayar ƙarfen nan take ci gaba da juyawa bayan an kashe inji. Haka injin tasha yake, sai dai nauyinsa ya kai tan ɗaruruwa. Idan wata tasha ta faɗi ba zato, nauyin juyin sauran ne ke tare gigicewar na 'yan daƙiƙu, kafin a kawo ɗauki.

Farantin sola ba shi da abin da ke juyawa. Wutarsa tana bi ta cikin inbata, kuma mafi yawan inbatocin da ke manyan tashoshin sola a yau 'yan amshi ne: suna sauraren bugun da ke kan layi, su bi shi. Muddin akwai jagoran waƙa, amshi zai tafi daidai. Idan 'yan amshi suka yi yawa, muryar jagora ta yi rauni, kowa sai ya rikice.

Abin da bincike ya gano

Da farko mutane da yawa sun ɗora laifin duhun Sifaniya a kan rashin nauyin juyi. Rahoton da gwamnatin ƙasar ta fitar ranar 17 ga Yunin 2025, da na kwamitin ƙwararru na ƙungiyar masu gudanar da layukan wuta na Turai, ENTSO-E, wanda ya fito a watan Oktoba, sun nuna cewa ƙarfin wuta ne ya haura kima. Tashoshi suka fara ficewa a kudancin ƙasar, a yankunan Granada da Badajoz da Sevilla, kuma ficewar kowace tana ƙara ingiza ƙarfin sama. Gwamnati ta ga laifin kamfanin da ke gudanar da layin saboda bai tanadi isassun tashoshin da za su daidaita ƙarfin wuta a wannan rana ba, ta kuma ga laifin wasu tashoshin da ba su yi aikin da aka ɗora musu ba.

Wani abin lura shi ne, dokar ƙasar a lokacin ba ta ɗora wa tashoshin sola da na iska aikin daidaita ƙarfin wuta daƙiƙa bayan daƙiƙa ba, alhali inbatocin zamani suna iya yin sa. Bayan abin ya faru ne aka gyara ƙa'idar. Na'ura tana nan, doka ce ta makara.

Maganin da masu bincike suka fi mai da hankali a kai a 'yan shekarun nan shi ne inbata mai jagoranci, wadda ke kafa bugu da ƙarfin wuta da kanta ba tare da jiran kowa ba. A ƙaramin mataki ba baƙuwa ba ce a wurinmu, domin inbatar da ke shagon ɗan kasuwa a Kantin Kwari haka take yi duk lokacin da aka ɗauke wuta. Wahalar ita ce a haɗa ɗaruruwan irinta, ƙirar kamfanoni daban-daban, a kan layi ɗaya mai tsawon dubban kilomita, su yi aiki tare ba tare da kowace ta ja nata ba. Saboda wannan ne Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta kafa gamayyar bincike mai suna UNIFI a 2021 da dala miliyan 25, Birtaniya kuma ta shigar da bayanin irin wannan inbata cikin ƙa'idojin layinta a 2022.

Inda aka fi gwada abin a aikace shi ne jihar Kudancin Ostireliya, wadda ta faɗa cikin duhu gaba ɗaya ranar 28 ga Satumban 2016 bayan guguwa ta kayar da turakun wuta. A ƙarshen 2017 aka kafa ƙaton batir na kamfanin Tesla a Hornsdale mai megawat 100, aka faɗaɗa shi zuwa 150 a 2020, sannan a 2022 aka amince masa ya riƙa kwaikwayon nauyin juyin manyan injina. A 2021 kuma aka girka wasu injina huɗu masu juyawa waɗanda ba sa ƙona mai, ba sa samar da wuta, aikinsu kawai riƙe layi. A yau mafi yawan wutar jihar daga iska da rana take.

Ina muka tsaya?

Kusan duk wutar da ke kan babban layin Najeriya daga injina masu juyawa take, kimanin kashi uku cikin huɗu daga iskar gas, saura daga madatsun ruwa. Duk da haka layin yana faɗuwa. Ke nan ba za a ɗora wa sola laifin da ba ta yi ba. Ciwonmu na rashin kiyaye ƙa'ida ne da raunin kayan aiki: ba a barin isasshiyar wutar ko-ta-kwana da za ta cike gurbi idan wata tasha ta faɗi, kuma cibiyar kula da layi ta ƙasa da ke Osogbo ta daɗe ba ta ganin duk sassan layin kai tsaye, saboda ba a kammala tsarin sa ido na SCADA ba. Har sai da NERC ta ba da umarni a 2025 cewa kamfanonin samar da wuta su saki na'urar da ke sa inji ya ƙara ko ya rage wuta da kansa idan bugu ya kauce.

Arewa ce ta fi jin jiki. Mafi yawan tashoshin gas suna Kudu, wuta tana yin tafiyar ɗaruruwan kilomita kafin ta iso Kano ko Gombe ko Maiduguri, kuma tsawon layi yana raunana ƙarfinta. A watan Oktoban 2024, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, sai layin Ugwuaji zuwa Apir shi ma ya samu matsala, yawancin jihohin Arewa suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Masu walda da teloli da masu niƙa da masu sayar da ƙanƙara sun san abin da suka yi asara.

Wannan ne ya sa jama'a ke tururuwa zuwa sola. Cibiyar nazarin makamashi ta Ember ta ƙiyasta cewa a cikin wata 12 zuwa Yunin 2025, Najeriya ta shigo da farantan sola na sama da megawat 1,700 daga Sin, Afirka ta Kudu kaɗai ta fi ta a nahiyar. Akwai tasha mai megawat 10 a Challawa da aka buɗe a Janairun 2023, da mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero tun 2019. Dokar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tafiyar da kasuwar wutarsu, kuma gwamnoni na ta maganar manyan tashoshin sola.

A nan ne binciken ya shafe mu. Inbata 'yar amshi ta fi rikicewa a inda layi yake da rauni, mai jagoranci kuwa a nan amfaninta ya fi fitowa. Jihar da ta dasa tasha mai megawat 100 da inbatoci 'yan amshi a ƙarshen dogon layi za ta iske cewa ranar da babban layi ya faɗi, tasharta ma za ta mutu, ko da rana tana tsaka. Idan an haɗa ta da batir mai jagoranci da na'urorin raba layi, za ta iya riƙe wani yanki na gari, kamar asibitoci da gidan ruwa da kasuwa, har layi ya dawo.

Abin da ya kamata a nema

Babu shakka wannan na ƙara kuɗi, kuma mai biyan kuɗin wuta a rukunin A, wanda aka kai wa farashi naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, yana da hujjar tambayar wa zai ɗauki nauyin. Sai dai farashin batir ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 daga 2010 zuwa 2023, a lissafin Hukumar Makamashi ta Duniya, kuma sa sharaɗi tun wajen rubuta kwangila ya fi arha a kan sauya na'urori bayan an gama gini.

Aikin yana kan NERC da hukumar NISO, wadda aka ɓalle daga kamfanin TCN don gudanar da layi, da kuma sababbin hukumomin lantarki na jihohi. Su rubuta a fili cewa duk babbar tashar sola da za a haɗa da layi dole ta taimaka wajen daidaita ƙarfin wuta, ta jure 'yar gigicewa ba tare da ficewa ba, kuma a biya ta ladan wannan aiki. Sassan koyar da injiniyan lantarki a jami'o'in Zariya da Kano da Bauchi su samu bayanan layi na gaskiya don su gwada waɗannan na'urori a kan yanayinmu.

Ma'aikacin da fayil ɗin kwangilar sola zai biyo ta teburinsa, da shugabannin kasuwar da ake tallata wa ƙaramin layi na kansu, kada su tsaya ga tambayar megawat nawa za a samu. Su tambaya: idan babban layi ya faɗi, wannan tasha za ta tsaya da ƙafarta? Sifaniya ta gyara dokarta ne bayan ta kwana cikin duhu. Hausawa kuwa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.