Raddi Ga Masu Raina Zanen Barkwanci

Akwai masu cewa, har cikin masu koyar da tarihi a nan Gaya, zanen barkwancin jaridun Turai na kafin yaƙin Hitila bai cancanci shiga aji ba. Na ji hujjojinsu, ban gamsu da ko ɗaya ba.

Sun ce wasan yara ne. To me ya sa Jamus ta hana jaridar Evening Standard shiga ƙasarta saboda zanen David Low? A 1937 Goebbels, ministan farfagandar Hitila, ya kai kukansa ga Lord Halifax na gwamnatin Ingila, shi kuwa da ya koma Landan ya nemi Low ya sassauta alƙalaminsa.

Sun ce mai zane ya zalunci dattawan da ke neman sulhu. Wannan ta fi ƙona mini rai. A Oktoba 1935 Musolini ya auka wa Habasha, alhali tana da kujera a Majalisar Ƙasashe ta Janeba. Majalisar ta ƙaƙaba takunkumi amma ba ta taɓa man fetur ba, aka kuma bar mashigin Suwez a buɗe, jiragen Italiya na ta wucewa. A Disamba, Hoare na Ingila da Laval na Faransa suka ƙulla a ɓoye za su miƙa wa Musolini babban yankin Habasha, sai asiri ya tonu. Habashawa kuwa iskar guba aka zuba musu. A 1936 Low ya zana Hitila yana taka gadon bayan shugabannin dimokuraɗiyya da suka sunkuya masa. Bayan shekara biyu, a Munich, aka yanko wa Hitila yankin Sudeten daga Cekoslobakiya. Ina zaluncin mai zane a nan?

Sun ce rikicin Turawa ne, babu ruwanmu. Subhanallahi! Wannan Laval ɗin ne a Janairu 1935 ya sa hannu zai ba Italiya zirin Awuzu na arewacin Cadi, ba a tambayi mazaunansa ba. Raɗe-raɗin za a miƙa Nijeriya ga Hitila na cikin dalilan kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939. Da Faransa ta faɗi a 1940, Nijar ta shiga hannun gwamnatin Vichy, wadda Laval ke cikin manyanta. Daga nan har ƙarshen 1942, ɗan Gaya ta Nijar mai zuwa kasuwar Kamba ta Nijeriya, wadda ke hannun Ingila, iyakar gwamnatoci biyu masu gaba da juna yake ƙetarewa.