Waiwaye: Direban da ya nufo Kano bai iso ba

A watan Mayun 1974 wasu motocin tsere suka tashi daga Landan da niyyar su keta Faransa da Sifen, su tsallaka Maroko da Aljeriya, su ratsa Sahara ta Tamanrasset da Agadas har Kano, sannan su juya arewa zuwa Munich, inda ake shirin gasar cin kofin duniya ta ƙwallon ƙafa. Cikin direbobin akwai wani Bature ɗan shekara 44 a cikin marsandi, sunansa Stirling Moss. A Ingila sunansa ya riga ya zama abin misali: idan ɗan sanda ya tare mai gudun wuce sa'a, yakan tambaye shi ko ya ɗauka shi ne Stirling Moss. Wannan mutumin ya nufo Kano, amma bai ga ko badala ba. Tafiyarsa ta ƙare a saharar Aljeriya.

Tun ranar da na fara karanta labarin nan nake tuna kawuna, ƙanen mahaifiyata, Allah ya jiƙansa. A Tudun Wadan Dankadai muka tashi, shi kuwa ya yi fiye da shekara ashirin yana jan fijo 504 tsakanin Kano da Jos. Lokacin hutun makaranta yakan ɗauke ni, in matse a gaba tsakaninsa da fasinja, gwiwata na gugar giya. Da an baro Kwanar Dangora sai ya saki mota, ba ya wasa. Amma akwai wurare a cikin dajin Falgore da zai ɗaga ƙafa daga totur alhali titi fayau, babu komai a gaba. Wata rana na kasa haƙuri.

"Kawu, me ya sa ka rage?"

"Zuba ido, ɗan nan."

Muna shan kwanar sai ga shanu sun cika kwalta, wani ɗan Fulani da sanda a wuya yana biye da su. Ya ce nan burtali ne, da rani da hantsi suke gangarawa ruwa. Ya san inda kwalta ta zaizaye bayan kowace damina, ya san gadar da ba ta ɗaukar mota biyu, ya san ranar kasuwar kowane ƙauye, saboda a ranar ne jakai da masu kekuna ke fitowa titi ba sallama. Wannan ilimi babu takardarsa, a kansa yake.

Na Moss kuwa a takarda aka rubuta, kuma shi ya ba shi nasarar da har yau ake ambata. An haife shi a Landan ranar 17 ga Satumban 1929, ɗan wani likitan haƙori mai sha'awar tsere. Ya yi suna a Formula One, inda ya ci tsere 16, amma inda ya fi ƙwarewa shi ne motocin tsere masu kujera biyu, waɗanda ake gwada su a doguwar tafiya. A jajibirin cikarsa shekara 21 ya ci gasar Tourist Trophy ta 1950 da Jaguar cikin ruwan sama. A 1954 ya ci tseren awa 12 na Sebring a Amurka da wata ƙaramar OSCA, gaban motocin da suka fi tasa ƙarfin inji nesa ba kusa ba.

Sai 1955, tseren Mille Miglia na Italiya: daga Brescia zuwa Rum a dawo Brescia, kusan kilomita 1,600, a kan titin da jama'a ke bi kullum, ta cikin garuruwa da duwatsu. Ka ƙaddara ka je Kaduna daga Kano ka dawo sau uku, ka sake komawa. Direbobin Italiya sun tashi a kan waɗannan hanyoyi, Moss kuwa baƙo ne, kuma da ɗan gari akan ci gari. Sai ya ɗauko wani ɗan jarida mai gemu, Denis Jenkinson, suka yi ta zagaya hanyar tun watanni kafin ranar. Kowace kwana suka rubuta ta, suka raba mai sauƙi da mai haɗari da wadda ke kisa. Kowane tudu da ba a ganin bayansa suka rubuta ko titi ya miƙe ne ko ya karkata. Jenkinson ya kwafe duka a kan takarda ɗaya mai tsawon ƙafa 18, ya naɗe ta a cikin wani ɗan akwatin ƙarfe mai murfin gilashi, yana murzawa tana wucewa. Ƙarar inji ba ta barin a ji magana, don haka da alamun hannu yake gaya wa direba abin da ke tafe.

Ranar 1 ga Mayu, ƙarfe 7:22 na safe, suka tashi a Mercedes 300 SLR mai lamba 722. Bayan awa 10 da minti 7 da daƙiƙa 48 suka dawo Brescia, wato kusan kilomita 158 a kowace awa idan aka raba, har da tsayawa shan mai da canjin taya. Juan Manuel Fangio, gwanin duniya na lokacin, ya tuƙa irin motar shi kaɗai ba mai karanta masa hanya, ya zo na biyu da tazarar kusan rabin awa. Abin da ke tsaya mini a rai shi ne tudun nan da ba a ganin bayansa. Moss yakan hau shi da gudun da ya haura kilomita 250, don kawai mutumin da ke gefensa ya nuna masa da hannu cewa titi ya miƙe. Mai kallo a bakin hanya zai ce ƙarfin hali ne. Watannin da aka kwashe ana auna hanyar ba ya ganinsu.

Duk da haka jini ya zuba, kuma ba na direbobi kaɗai ba. Makonni shida bayan wannan nasara, ranar 11 ga Yuni, a Le Mans ta Faransa, motar Pierre Levegh, abokin aikin Moss a kamfanin Mercedes, ta tashi sama ta tarwatse cikin 'yan kallo. Mutum fiye da 80 suka mutu. Moss da Fangio ne ke kan gaba a tseren lokacin da kamfanin ya ba da umarni cikin dare a janye motocinsa. A 1957 tayar Ferrari ta Alfonso de Portago ta fashe kusa da ƙauyen Guidizzolo, ya mutu shi da abokin tafiyarsa da 'yan kallo tara, biyar daga cikinsu yara. Daga nan Italiya ta rufe Mille Miglia a matsayin tsere. Sun yarda cewa titin da yara ke tsayawa a bakinsa ba wurin gwada inji ba ne.

Mu har yanzu ba mu yarda ba. Duk wanda ya taɓa bin ayarin kai amarya daga Bebeji ko Kiru ya ga yadda samari ke aron hannu uku-uku, wani ya fito da rabin jikinsa ta taga, wani ya ja birkin hannu mota ta juya a tsakiyar mutane ana shewa. Na tsaya a sahun jana'izar wata yarinya da ba ta kai shekara goma ba, wadda tallan gyaɗa ya fito da ita bakin titi ranar wani biki. Yaron da ya take ta bai fi wata uku da fara riƙe sitiyari ba, motar ma aro ce. Aka ce tsautsayi ne, aka yafe, aka watse. Ƙaddara gaskiya ce, amma ban ga abin da ya hana uban da ya ba shi makulli tambayar kansa ba. Kakanninmu da suke son gudun doki sun ware masa wuri, ga Filin Sukuwa nan a Kano shaida. Son gudu a jinin matashi yake, ba za a cire shi da wa'azi ba. A ba shi fili mai shinge da hular kwano da malami, a bar wa mai gyaɗa bakin titinta.

Moss bai taɓa zama zakaran duniya ba. Sau huɗu a jere yana zuwa na biyu, daga 1955 zuwa 1958. A ta ƙarshen, alƙalai a Fotugal suka so ƙwace makin abokin hamayyarsa Mike Hawthorn, Moss ya je da kansa ya ba da shaidar da ta wanke shi. Hawthorn ya ɗauki kambin shekarar da tazarar maki ɗaya.

Ranar 23 ga Afrilun 1962 motarsa Lotus ta daki gefen hanya a Goodwood. Ya yi wata guda bai san inda kansa yake ba, ɓarin jikinsa na hagu ya yi watanni bai dawo daidai ba. Bayan shekara ɗaya ya koma wannan fili shi kaɗai ya gwada mota. Gudun bai ragu sosai ba, amma ya lura abin da hannunsa ke yi da kansa a da, yanzu sai ya yi tunani kafin ya yi. Ya sauka yana da shekara 33, bayan ya ci tsere 212 cikin 529. Daga baya ya ce wataƙila ya yi hanzarin yanke hukunci. Ko da haka ne, ya kai shekara 90, ya rasu a gidansa ranar 12 ga Afrilun 2020, alhali da yawa daga tsararrakinsa a cikin mota suka cika.

Tafiyar Kano ta 1974 ɗaya ce daga 'yan fitowar da ya yi bayan ritaya, kuma abin da ya wargaza ta darasi ne. An rubuta wa direbobi bayanin hanya tun da wuri, amma kafin ranar tsere Aljeriya ta ƙara wa wata kwalta tsawo, alamar da za su bi su karkata ta ɓace. Akasarin motocin suka bazu cikin rairayi. Motoci 19 kacal suka kai Munich, waɗanda suka taka Kano kuwa ba su cika goma ba. Wasu 'yan Ostareliya uku a Citroën suka zo na ɗaya, ta biyu kuwa fijo 504 ce a hannun wata Bafaransa, Christine Dacremont, shekara guda kafin a fara haɗa fijo a Kaduna. Takardar da ta ɗaukaka direba a Italiya, irinta ce ta ɓatar da direbobi a Sahara, don hanya tana sauyawa. Shi ya sa kawu ba ya fita daga tasha sai ya tambayi wanda ya iso daga Saminaka yadda ya baro daji.

Kawu ma, kamar Moss, ya sauka da ƙafarsa. Wani magariba, tsakanin Doguwa da Falgore, bai ga mai keke ba sai da ya kusa hawa kansa. Ba abin da ya faru, fasinjoji ma ba su lura ba. Da safe ya kira yaron motarsa ya miƙa masa makulli, ya koma sayar da shinkafa a kasuwar Tudun Wada. 'Yan kamasho suka yi ta ba shi baki, ya ce idonsa ya gaya masa abin da su ba su gani ba.

Shekaru bayan haka na ɗauke shi a motata za mu gaisuwar rasuwa Riruwai. Yana zaune a gefena, carbi a hannu, bai ce mini komai a kan tuƙina ba. Da muka tunkari kwanar burtalin nan sai na ga ƙafarsa ta dama tana danna ƙasan mota, inda birki zai kasance. Na rage gudu. Muna shan kwanar, shanu na kan kwalta.