Aiki Sai Mata, Kujera Sai Maza?

Mai karatu, bari in tambaye ka. A watan Afrilun 2020, da gwamnatin Badaru ta kulle Kazaure saboda korona, wa ya riƙa kutsawa gidajen da aka rubuta wa "ba shiga"? Ba kansila ba ne, ba ɗan majalisa ba. Mata ne: ungozomomi, ma'aikatan lafiya, da bayin Allahn nan masu yawon rigakafin shan-inna, waɗanda suka sha zagi da kora tun 2003. Su suka bi lungu-lungu suna lallashin jama'a a wanke hannu, a sa takunkumi, a kai majinyaci asibiti.

To, annoba ta lafa, zaɓen 2023 ya zo. Kujeru 30 ne a majalisar dokokin Jigawa, amma ko ɗaya ba ta faɗa hannun mace ba. Daga Roni zuwa Gwiwa, daga Babura zuwa Kazaure, duk 'yan babbar riga ne. Su kuwa matan, ladarsu atamfa da sabulu da dogon layi cikin rana. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi!

Kada ka ce tsautsayi ne. A 2018, Gudaji Kazaure ya miƙe a Majalisar Wakilai ya ce a ba mata dama amma kada ta yi yawa, don gudun kada su ƙwace ragama. Aka yi dariya. A Maris 2022 kuma Majalisar Tarayya ta yi fatali da ƙudurorin ware wa mata kujeru. Ashe ba wasa ba ne.

Wani zai ce addini. Haba malam! Nana Asma'u ce ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata, ƙungiyar FOMWAN kuma tun 1985 take aiki cikin hijabi. In shiga gida-gida lokacin annoba bai saɓa wa addini ba, me ya sa sai zaman majalisa?

Ku kuma 'yan fim, kullum sai kishi da rawa. Ina fim ɗin Gambo Sawaba, wadda ta sha ɗauri don matan Arewa su samu ƙuri'a?

Jam'iyyu, a fara ko da tikitin kansila ne. Iyayenmu mata, kafin ku karɓi atamfa, ku tambaya: kujera nawa ce tamu?