Gyaran Da Ke Toshe Ƙofar Gyara

A ƙasar Hausa ta yau, duk abin da ya ɓalle, daga hannun tabarau zuwa ƙasan takalmi, magani ɗaya ake nema masa: ɗan bututun nan na Super Glue da ke kan kowane teburin mai tireda, wanda muke kira sufa-gulu. Ba na musun amfaninsa. Sai dai akwai kayan da ɗigo ɗaya nasa ke kashewa, kuma tsohuwar kyamara mai fim tana sahun gaba a cikinsu.

Abin da ya jawo maganar wata Yashica ce mai ido biyu da na gani a Jabo, cikin ƙaramar hukumar Tambuwal, a hannun wani matashi da ya gaje ta. Mahaifinsa mai hoto ne, irin waɗanda suka riƙa bin kasuwannin ƙauye har yankin Kebbe suna ɗaukar hotunan sallah da na aure da na fasfon maniyyata. Baƙar fatar jikin kyamarar ta ɗaga a gefe, madubin ciki kuma yana girgiza. Matashin ya riga ya sayo sufa-gulu, da kyakkyawar niyya.

Ga inda matsalar take. Wannan gam da danshin iska yake daskarewa, kuma yana fitar da tururi kafin ya gama kamawa. Tururin kan sauka a kan gilashi ya bar farin hazo mai wuyar fita. Da shi ne ma masu binciken laifi ke fito da zanen yatsa a jikin kaya. To, kyamara akwati ce rufaffiya, duk tururin da ya tashi a cikinta a kan ido da madubi zai ƙare. Bayan haka gam ɗin tsinkakke ne kamar ruwa, yana gangarawa inda ba a aike shi ba. A ƙarƙashin waccan fatar akwai ƙananan sukurori da dole mai gyara ya kwance kafin ya kai ga injin. Ranar da sufa-gulu ya cika kawunansu, an kulle kyamarar ke nan. Sinadarin da ke narkar da shi kuwa yana iya cin fenti da roba.

Abin dariya, kamfanin Eastman Kodak na Amurka, sarkin fim na duniya, shi ya fara sayar da wannan gam a 1958 da sunan Eastman 910, bayan binciken ma'aikacinsa Harry Coover.

Masu ƙera kyamarori ba ƙarfin gam suka nema ba. Da gangan suka liƙa fatar yadda za a iya ɗaga ta a sake mayarwa, don sun san wata rana wani zai buɗe. Mai son gyara fatar da ta ɗaga, sai ya kankare tsohon gam ɗin a hankali, ya goge wurin da auduga da ɗan sifirit, ya ɗebo gam mai danƙo irin na masu gyaran takalmi da tsinke, ya shafa kaɗan a ɓangarorin biyu nesa da sukurori, ya jira ya sha iska, sannan ya danne. Madubi kuwa ba na taɓawa ba ne. Shafen da ke sa shi haske a fuskarsa yake, ba a bayansa ba kamar madubin ɗaki, shi ya sa ko gugar tsumma tana iya karce shi. Yawanci ma ƙananan ƙarafa ne ke riƙe da shi, ba gam ba.

Wani zai ce wannan tsirfar Turawa ce. A'a. Mai karatu ya duba littattafan hannu na malamanmu, irin waɗanda ke ajiye a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato. Ba a ɗinke su ba, ba a manne su ba. Warƙa-warƙa suke cikin tadarishi, a zura a gafaka. Idan warƙa ta lalace, a kwafe ta a mayar da sabuwa, sauran littafin na nan lafiya. Ƙaron da ake sa wa tawada ma ruwa ke narkar da shi. Mu jikokinsu ne muka zo da salatif, wanda bayan 'yan shekaru na zafin bazara yake barin jan tabo a takarda, wani lokaci ya tashi da rubutun.

Idan fatar kyamarar ta bushe ta kakkarye, kamar yadda hunturu ya saba yi mata, ba sai an aika Japan ba. A cire tsohuwar a ajiye ta a matsayin ma'auni, a kai wa baduku ya fefe fatar akuya ta yi siriri ya yanka daidai. Jar fatar Sakkwato ce masu haɗa littattafai a Ingila suka daɗe suna nema don bangon littattafansu masu tsada, kuma dukawanmu suna iya rina ta baƙa.