A Sauko wa Yara da Kwandon

Babu manomin auduga a ƙasar Funtuwa ko Malumfashi da zai miƙa wa ɗan shekara takwas garmar manya; 'yar fartanya yake sa maƙeri ya ƙera masa. Abin mamaki, wannan hikima ba ta cika isa filin ƙwallon kwando ba, inda akan ba yaro ƙwallo mai nauyin kusan giram 600, a ce ya jefa ta cikin zobe mai tsayin mita 3.05.

Shi wannan tsayi ba daga nazarin jiki aka samo shi ba. Tsayin barandar da James Naismith ya kafa kwandunansa ne a Amurka a 1891, kuma samari ya shirya wa wasan.

Kafin balaga, tsokar kafaɗa da damtse ba ta yi ƙwari ba. Saboda haka yaro kan ɗauko ƙwallon daga ƙugu ya wurga da dukan jikinsa, ƙwaƙwalwa kuwa abin da aka maimaita take riƙewa, ko da kuskure ne. Ga kuma karayar zuciya: wanda ya jefa sau ashirin bai ci ba, da wuya ya dawo gobe.

Ƙa'idar wasan yara ta hukumar FIBA ta tanadi zobe mai tsayin mita 2.60, da ƙwallo mai lamba 5 wadda ba ta wuce giram 500 ba. Santimita 45 kacal za a rage. Mai walda a Funtuwa zai iya haɗa turken ƙarfe da ake ɗagawa a sauke, 'yan firamare su yi wasa da safe, manya da yamma.