Fodkas a Darasin Tarihi: Mu Saurara, Amma Mu Auna

Tun kafin allo da alli, da kunne kakanninmu suka koyi tarihi. Yau ga shi ya dawo ta wayar hannu, cikin shirye-shiryen murya da ake saukewa daga intanet, waɗanda ake kira fodkas. Mu malaman tarihi muna ganin ya kamata a shigo da su azuzuwan babbar sakandare, amma da sharaɗi.

Amfaninsu a fili yake. Littattafai sun yi mana ƙaranci, Turanci kuma yana yi wa ɗalibai da yawa nauyi. Waya ɗaya da ƙaramar sifika sun ishi aji guda. Gidan rediyon DW na Jamus, alal misali, ya shirya labarin Bayajidda da na Sarauniya Amina da Hausa.

Sharaɗin shi ne, daɗin murya ba shi ne gaskiya ba. Bayan kowane sauraro ɗalibi ya amsa tambaya uku: Wa ke magana? Ya gani da ido, ko gaya masa aka yi? Mene ne littafi ya ce? Turawa sun ci Kano a 1903, kuma babu wanda ya ga ranar da ke raye yau, saboda haka mai ba da labarinta ji ya yi. Haka kuma yaƙin Ɗan Tunku, wanda ya kafa Kazaure, da Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda aka gwabza a nan ƙasar Dambatta: wanda ya saurari ɓangare ɗaya rabin labari ya ji. Ko Luka sai da ya bi diddigin shaidun gani da ido kafin ya rubuta Bishara.

Kada kuma mu tsaya ga sauraron na wasu. A 1949 da 1950 Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo a ƙasar Zazzau tana rubuta maganarta da hannu, littafin ya fito a 1954. Mu muna da waya. A ƙauyukanmu akwai dattawan da suka sha farin 1973, suka kuma biya haraji da jangali kafin Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a 1979. Kowace shekara raguwa suke yi.

Ya ku ɗalibai, a wannan hutu ku je ku durƙusa ku gaishe su, ku nemi izini, ku ɗauki muryarsu, ku rubuta ranar da wurin. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya taimake mu.